Injin kofi mai ɗigo: inda na kai wajen kwance shi

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran ƙananan kayan wuta. Bayan mun gama da ayon, wato dutsen guga na wuta, da butar lantarki, ni yanzu na koma kan injin haɗa kofi, irin mai ɗigon nan da ake zuba ruwa a tankin baya, a sa garin kofi cikin takarda a sama, ruwan zafi ya riƙa ɗiga cikin jog na gilashi. Guda biyu ne a kan teburina duk na gwanjo, ɗaya yana aiki amma da nawa sosai, ɗayan kuma ko fitilarsa ba ta kamawa. Ga inda na kai, wanda yake da irinsa a gida ya ɗauko sukudireba mu tafi tare, amma don Allah a zare filogi tukuna kuma a bari ya huce.

Abu na farko da za ku gani in kun kifa shi kun cire murfin ƙasa: babu famfo a ciki. Babu mota, babu farfela, babu wani abu da yake juyawa. Amma ruwa yana tashi daga ƙasan injin har sama ya zubo kan kofi, toh me ke ɗaga shi? Wannan tambayar ce ta riƙe ni, kuma a ganina duk wanda ya gane amsarta ya gama gane injin, saura kawai bin waya ne.

Bari mu bi ruwan. A gindin tanki akwai ɗan rami, daga nan tiyon roba ya sauka ƙasa ya shiga wani bututun alminiyam mai lanƙwasa kamar harafin U. Wannan ƙarfen in kun duba da kyau hanya biyu ce manne da juna, ɗaya ruwa ke bi, ɗaya kuma a ciki aka binne koyil ɗin hita cikin wani farin gari da ba ya barin wuta ta taɓa ƙarfen amma yana barin zafi ya wuce. Daga ɗaya bakin bututun wani tiyo ya sake tashi sama har kan kwandon kofi. Shi kenan hanyar. Kafin ma a kunna, ruwa ya riga ya sauka da nauyinsa ya cika bututun ya hau tiyon sama har daidai tsayin ruwan da ke tanki, iyakarsa kenan, ba zai wuce nan da kansa ba.

Da an kunna, koyil ya yi zafi, ruwan da ke cikin bututun ɗan kaɗan ne don haka nan da nan yake tafasa, tururi ya yi kumfa, kumfar tana neman wuri, kuma da yake tiyon siriri ne kumfar ba ta iya ratsa ruwan ta wuce ita kaɗai sai dai ta turo ruwan da ke gabanta sama. Kun san yadda tukunyar wake ke bori ta ɗaga murfi, to haka ne, sai dai nan an matse borin a siririyar hanya an nuna masa inda zai bi. Amma ai hanya biyu ce a buɗe, me zai hana tururin ya mayar da ruwan baya cikin tanki? Nan ne ɗan bawul ɗin yake shigowa. A ramin gindin tanki ko cikin tiyon farko akwai wani ɗan mitsitsin ƙwallo zaune a mazauninsa, in ruwa zai sauko daga tanki yana ba shi hanya, in matsi ya taso daga ƙasa sai ya toshe ƙofar gam. Tururi ya tura ruwa sama, matsi ya faɗi, ƙwallon ya saki, ruwan sanyi ya sake shigowa, ya tafasa, a sake. Shi ya sa ruwan ba ya zuba a miƙe, tsit-tsit yake fitowa, kuma wannan gurnanin da injin ke yi a ƙarshe ba lalacewa ba ce, ruwa ne ya ƙare sai tururi zalla ke bin tiyon.

Wallahi abin ya burge ni. Hita ɗaya tana dafa ruwa, tana ɗaga shi, kuma ita ce dai manne a ƙarƙashin farantin da jog ke zama tana ɗumama kofin. Tsakanin ta da farantin za ku ga wani farin maiƙo, kar ku goge shi wai datti ne, shi ke kai zafi daga hita zuwa faranti.

Gwajin da na yi wanda nake so kowa ya yi: na zare tiyon da bawul yake ciki na hura da baki ta ɓangare ɗaya iska ta wuce, na juya na hura ta ɗayan, ya kamata ta tsaya cak. A injina mai nawa ba ta tsaya ba, tana ɗan zurarewa. Da na ciro ƙwallon sai ga farin ɓawo da ɗan garin kofi sun maƙale a mazaunin. Ma'ana duk sanda ruwa ya tafasa rabi na hawa sama rabi na komawa tanki, shi ya sa ruwan tankin yake ɗumi kuma aikin ba ya ƙarewa. Ku riƙe wannan alamar, in kun sa yatsa a tanki kun ji ruwan ya yi ɗumi ko kun ga kumfa na tasowa daga ramin, ku fara da bawul kafin ku zargi hita.

Farin ɓawon nan kun san shi, shi ne dai wanda muka gani a gindin butar lantarki. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, in an tafasa sai ya kwanta a jikin ƙarfe. A buta da sauƙi tunda gindinta da faɗi, amma a bututun da bai kai kaurin yatsa ba, ɓawon yana rage hanya kuma yana tare zafi, ƙarfen ya yi ta zafi ruwan bai samu ba. Maganinsa tsami ne. Na haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi na zuba a tanki na kunna, da ya kai rabi na kashe na bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, sannan na ƙarasa, na bi da ruwa zalla har warin ya fita. Garin sitirik asid da masu kek da zoɓo ke saya shi ma yana yi kuma ba shi da warin khal, ni na fi son sa.

Ta yaya za ka san injin ya dawo daidai? Da lissafi, ba da ji ba. Ɗaga zafin ruwa lita 1 daga digiri 25 zuwa 95 yana cin kusan jul 293,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi), injin wat 1000 kuwa jul 1000 yake bayarwa duk daƙiƙa, kenan wajen minti 5, ka ƙara ɗan abin da ke ɓacewa a iska da faranti. In naka yana cin minti 15 a lita ɗaya akwai magana. Sai dai kafin ka kwance, auna wutar gidan. Ƙarfin hita yana faɗuwa fiye da yadda boltej ke faɗuwa, in wuta ta sauko daga 230 zuwa 180 injin wat 1000 zai koma wajen wat 610 ne kawai, kun ga a unguwar da wuta ba ta da ƙarfi injin lafiyayye ma zai yi kamar mara lafiya. Ƙaramin janareta kuma kar ma a wahalar da shi.

Yanzu na biyun, wanda ya mutu murus. Na sa mita a kan om, wato ma'aunin yadda waya ke tare wuta, na auna bakin koyil biyu. Lissafin da muka koya wajen ayon shi ne dai, boltej sau boltej a raba da wat, injin wat 1000 na bolt 230 ya kamata ya nuna wajen om 53. Nawa ya nuna kusa da haka, kenan koyil lafiya lau. Na bi waya, makunni lafiya, tamostat ɗin nan mai kama da maɓalli da ke manne da bututun shi ma yana wucewa, sai na zo kan fiyus na zafi, wani ɗan siririn abu mai kan harsashi da aka sa cikin rigar roba aka danne a jikin ƙarfen. Shiru, mita ba ta motsa ba. Shi ne ya tsinke.

Nan zan ɗan tsaya domin abin yana damuna. Aikin tamostat shi ne in ruwa ya ƙare ƙarfe ya fara wuce kima ya yanke wuta, in ya huce ya mayar, haka zai yi ta yi yana riƙe farantin da ɗumi. Fiyus na zafi shi ne mai gadin ƙarshe, ranar da tamostat ya maƙale bai yanke ba shi zai narke ya kashe komai, kuma ba ya dawowa. Na san abin da ake yi a wasu shagunan gyara, a yanke shi a haɗa waya kai tsaye, injin ya kama, mai kaya ya biya ya tafi yana murna. Don girman Allah kar mu koyi wannan. Jikin injin nan roba ne, hita mai wat 1000 ce a cikinsa, kuma a kicin ake barin sa a kunne a fita. A sayi wani fiyus mai lambar zafi daidai da wadda aka rubuta a jikin tsohon, a matse shi da ɗan ƙarfen matsi da filaya, kar a liƙa da dalma don zafin liƙin kansa yana iya tsinka sabon. Kuma a tambayi kai me ya sa na farkon ya tsinke, in tamostat ne ya gaji a canza su tare.

Wani abu ga masu sayen na gwanjo, ku kifa injin ku karanta takardar gindi. In an rubuta bolt 120 kayan Amurka ne, koyil ɗinsa wajen om 14 ne kacal, ka soka shi a wutarmu ta 230 zai ja fiye da wat 3600, kusan ninki huɗu, kafin ka ankara ya ƙone. Sai da tiransifoma mai rage wuta, babba kuwa, wadda kuɗinta zai iya fin na injin. Na Turai kuma suna da nasu halin, tun 2015 dokar Tarayyar Turai ta sa masu jog na gilashi su kashe farantin da kansu cikin minti 40 bayan gama haɗawa, toh in wani ya kawo maka wai injinsa yana mutuwa da kansa, ka duba agogo tukuna.

Da na ɗan bi tarihin abin, takardar tacewar ta girmi injin nesa ba kusa ba. Wata matar aure ce a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tsakin kofi a kofinta, ta huda gindin wani kwanon tagulla ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta yi rajistar dabarar a 1908, kamfanin Melitta har yau da sunanta yake. Na lantarkin ya zo a 1954, Wigomat, shi ma a Jamus, sannan Mr. Coffee ya shiga gidajen Amurka daga 1972 ya ture tsohuwar tukunyar da ke ta juya kofi ɗaya a kan gari har ya yi ɗaci. Bambancin mai ɗigo kenan, ruwa sau ɗaya yake ratsa garin ya wuce. Takardar kuma tana tare wani maiƙon kofi da ke ɗaga kolestarol, wanda rariyar ƙarfe ke bari ya wuce.

Ɓangaren ɗanɗano nan ne nake sabon shiga, mu da muka taso da Nescafé na teburin mai shayi. Masana kofi suna son ruwan ya sauka kan gari da zafin digiri 92 zuwa 96, garin kuma wajen giram 55 zuwa 60 a lita. Na sa ma'aunin zafi a bakin da ruwan ke fitowa, na farkon bai kai ba sam domin ya daɗe zaune a tiyo kuma robar duk da sanyi, na tsakiya ya yi daidai, na ƙarshe kuma kusan tururi ne. Dabarar da ta yi min aiki, in fara zagaya ruwa zalla kofi ɗaya ya ɗumama hanyar, sannan in sa gari, da ruwan farko ya jiƙa shi in kashe na rabin minti ya kumbura iskar cikinsa ta fita, in motsa da cokali don injin a tsakiya kawai yake zubawa gefe na zama a bushe, sai in kunna. Niƙa ma da ruwanta a ciki, in ya yi laushi kamar fulawa takarda ta toshe kwando ya cika ya yi ambaliya kofin ya yi ɗaci, in ya yi barza da yawa ruwa ya wuce da gudu ka sha salam mai ɗan tsami.

'Yan uwanmu na Jos da Mambila ina da roƙo. Tunda injin nan sai ruwa ya tafasa yake ɗaga shi, kuma ruwa yana tafasa da wuri a kan tudu, kusan digiri 1 ke raguwa duk mita 300, a Jos wajen digiri 96 ne maimakon 100, to ruwan da zai iso kan garinku ya kamata ya fi namu sanyi kaɗan. Wanda ke da ma'auni ya auna mana a tsakiyar haɗawa mu kwatanta.

Abin da ke gabana yanzu, fiyus da tamostat na injin na biyu, sannan ina so in canza tiyon sama da na silikon mai jure zafi wanda ake ganin ciki, in bar murfin baya a buɗe in ɗauki bidiyo a hankali yadda kumfa ke turo ruwan. Kafin nan kuma zan auna ko naɗe tiyon da abin riƙe zafi zai ɗaga digirin ruwan farko.