Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Watan da Na Karanta wa Inna

Makon jiya na tsaya a kan alkawarin da na ɗaukar wa kaina da shigowar shekara, cewa kowane wata sai na gama littafi biyu. Wata huɗun farko ban sha wuya ba, don duk abin da na ɗauko da Faransanci aka rubuta shi, harshen da mushe, wato malaminmu, ya koya mana karatu da shi tun muna lakwal, makarantar boko. Wanda ya fi zauna mini a cikinsu shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, da ya fito a 1980, labarin sarauniyar Lugu wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Rundunar ce ta yi ɓarna a Birnin Konni, kuma a nan jiharmu ta Maraɗi, wajen Maijirgi kusa da Tasawa, shugabanninta biyu suka gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu. Na sha wucewa ta Maijirgi a mota ban san abin da ƙasar wurin ta gani ba.

A wata na biyar wani abokina da ke sarin kaya a Katsina ya dawo ta Jibiya da Ɗan Isa, ya miƙo mini wani siririn littafi a leda. Shaihu Umar ne, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutun Hausa ta 1933 ta haifar a Zariya. Yana malamin makaranta ya rubuta shi, tun kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya. Na ce kwana biyu sun ishe ni.

Ashe ban iya karanta harshena ba. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai. Idona ya saba da Goulbi da Tchadoua kamar yadda suke da rubutun Faransanci a allunan bakin hanya, ga shi littafin ya ce gulbi, kuma harafin c shi kaɗai yana ɗaukar abin da muke rubutawa da haruffa uku. Sai na koma bin layi da yatsa, ina furta kalma a fili don kunnena ya gane abin da idona ya kasa.

Haka Inna ta ji ni. Tana zaune kan tabarma a tsakar gida bayan isha'i, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya.

"Kai da wa kake magana?"

"Karatu nake, Inna."

"Yau kuma boko ne ya koma Hausa?"

Ita a saninta, duk abin da ke cikin littafin boko maganar Nasara ce. Ta ce in matso kusa da fitila in ɗaga murya. Daga daren nan karatun ya zama namu mu biyu. Rubutun Hausa ba ya nuna jan wasali ko karin sauti, gari na mutane da gari na tuwo duk rubutunsu ɗaya, don haka in na karkace sai ta gyara mini ba tare da ta ɗago kai daga ƙwaryar ba. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma kunnenta bai bar kuskure ko ɗaya ya wuce ba.

Ni Umar nake bi, yaron da aka sace, hannu ya yi ta miƙa shi ga hannu har ya ƙetare Sahara ya zama malami. Inna kuwa uwarsa take bi. Da muka kai inda matar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, sai na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

"Murzuk ɗin nan a ina take?"

"Libiya ce, Inna."

Masu bin labarin nan tun farko sun san yayana ya bi ta Agadas zuwa Libiya, a lokacin shekararsa shida ke nan da tafiya, waya sai jefi-jefi. A gidanmu ba a cika ɗauko zancensa ba, don kada a tayar mata da hankali. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce in ci gaba.

Na riga na leƙa ƙarshen da rana a shago, na san uwar za ta sadu da ɗanta bayan wahalar bauta, kuma ba za ta daɗe ba za ta cika. Kwana uku ina kawo uzuri, yau na gaji, gobe fitila ba caji. Har na yi tunanin in tsallake shafin. Amma wadda take kama ni a kan wasali ɗaya, ina zan ɓoye mata shafi guda? A dare na huɗu na karanta shi yadda yake, muryata tana rawa.

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ai ta gan shi. Alhamdu lillahi, ta gan shi."

Littafi ɗaya tak na gama a wannan wata. Da gari ya waye, kafin in fita shago, ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zanenta ta ciro jikka guda, ta ce in sa kuɗi a waya in nemo mata lambar yayana. Abin da ya biyo bayan wannan kira, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.