Yadda na koyi faɗin sunayen ƙungiyoyin haruffan Girka a jami'ar Amurka

Duk wanda ya yi karatu a Amurka ya san gidajen nan na ɗalibai da ake manna wa manyan haruffan Girka biyu ko uku a goshi, na maza fraternity na mata sorority. Abin ya faro ne daga Phi Beta Kappa a 1776 a kwalejin William & Mary da ke Bajiniya. Ni ban shiga kowacce ba, amma aikin da na samu a ofishin harkokin ɗalibai ya sa kullum sai na kira sunayensu a waya, dole na zauna na koya.

Haruffan 24 ne kuma rabinsu ba wahala, Alfa, Gama, Delta, Kafa da Sigma duk suna shiga baki. Matsalar tana wajen ido, don wasu suna kama da boko amma ba shi ba ne, ka ga P ashe Ro ne, ka ga H ashe Eta ne, X kuwa Chi ne kuma "kai" suke cewa. Psi "sai" ne, ba a jin p ɗin sam.

Inda na fi shan aiki shi ne Pi da Phi, don mu Hausawa p da f ɗaya ne a bakinmu, su kuma haruffa biyu ne daban, "pai" da "fai", kuma akwai ƙungiyar mata mai suna Pi Beta Phi da ta haɗa duka biyun. Wata abokiyar aikina ta sa na riƙe takarda a gaban bakina, in na rufe leɓe na saki Pi takardar ta yi tsalle, in Phi ne haƙoran sama su hau leɓen ƙasa iska ta fita a hankali. Haka na dinga yi a ɗaki da daddare har ya zauna. Theta kam ba ta ba ni wuya ba wallahi, wanda ya yi tajwidi ya san inda ake sa harshe a harafin "sa" mai ɗigo uku.

To sai ga wani abu, ba kowa ke bin ƙa'idar ba. Alpha Phi, ta mata da aka kafa a jami'ar Syracuse a 1872, "Alfa Fii" suke cewa, amma Alpha Phi Alpha ta baƙar fata da aka kafa a jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga, "fai" ce. Xi ma "zai" ne a wajen yawancinsu, 'yan Alpha Xi Delta kuwa "zii" suke faɗa. Wani ɗan Girka da muke aji ɗaya ya ce min a ƙasarsu Beta ma "vita" ce, Mu kuma "mi", wato lafazin nan na masu Turanci ne, ba na Girkawa ba.

Ni a ganina tunda sunansu ne, yadda suke kiran kansu shi ne daidai. Shi ya sa duk sabuwar ƙungiyar da ta kira ofis nake bari su fara faɗin sunan da bakinsu, in rubuta shi da Hausa a gefen takarda yadda na ji, Phi Gamma Delta ma har yau "Fiji" ne a littafina don haka kowa ke ce musu.