Kafin ka sayi wani moton waifa, gwada tsohon tukuna

Duk shekara haka ake fama, hadari na fara haɗowa wajen Mayu zuwa Yuni sai ka ga motoci sun cika wajen masu wayarin, kowa kukansa ɗaya, waifa ta ƙi tashi. Alhali duk tsawon rani ba mai waiwayarta sai in za a share ƙurar hunturu a busasshen gilashi, wanda shi ne ma ke wahalar da ita. Abin da ke ban haushi kuma, yaron gareji ko soket bai cire ba zai ce maka "Alhaji moton ne ya ƙone, sai an je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa."

To ba lallai ba ne. Fara da fiyus, yawanci 20 zuwa 30 amp ne kuma an zana alamar waifa a murfin akwatin. In ya ƙone ka sa wani ya sake ƙonewa nan take, don Allah kar a naɗa masa zaren waya kamar yadda wasu ke yi, wani abu ne ya cije yake jan wuta fiye da kima, so kake wayarin ɗin motar gaba ɗaya ya narke?

Sai ka kunna makulli ka kasa kunne. In kana jin moton na gurnani amma hannayen ba sa motsi, to wuta na zuwa, matsalar tana sandunan nan da ke ƙarƙashin robar gindin gilashi, ko ƙura da tsatsa sun kame su ko kan roba ya fita, wani lokacin kuma haƙoran giyar roba da ke cikin moton ne suka cinye. Giris da ɗan wanki kawai ya sha tayar da waifar da aka riga aka yi wa jana'iza.

In shiru kake ji, cire soket ɗin, ɗauko kwan gwaji ko mita ka ga ko 12 volt na isowa in an murɗa suwic. Ba wuta, laifin suwic ne ko rile (ɗan akwatin da ke haɗa wutar ya kuma yanke ta) ko waya ta tsinke, moton bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai wuta, sai gwaji kai tsaye daga batir: nagetif a jikin ƙarfen moton ko fil ɗin wayar bodi (ƙafar soket ta nagetif), fozitif kuma, da fiyus a tsakani, ka taɓa fil ɗin ƙaramin gudu sannan na babban gudu. A motocin Jamus irin su Golf lambobin ma a rubuce suke, 53 ƙaramin gudu, 53b babba, 31 bodi, 53a kuma shi ke ba da wutar da ke mayar da waifa mazauninta in ka kashe. Shi ya sa in tana tsayawa a tsakiyar gilashi, wannan ɓangaren ake dubawa, ba wai moton ya mutu ba. In kuma gudu ɗaya kawai yake yi ko da daga batir, burushin kabon ɗin ɗaya ne ya cinye, kuma ana canza shi.

Amma fa ka raba moton da sandunan kafin ka ba shi wuta, ka kuma janye yatsunka, ƙarfinsa ya isa ya murƙushe yatsa.

In ya tabbata ya mutu ɗin, tafi da tsohon kasuwa a hannunka, ka gwada bakin soket da ramukan noti su zo ɗaya, kuma mai shago ya ɗora ɗan Kwatanon a batir a gabanka ka ga gudu biyun da idonka kafin ka zaro kuɗi.