Kawu na son bindigar giwa, alhali ko gada bai taɓa harbi ba

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kawuna ya kira ni wai in same shi shagonsa nan Gusau akwai magana. Ni duk zatona zancen aure ne za a sake taso min da shi, ashe wani abokin kasuwancinsa ne ɗan Afirka ta Kudu da suke harkar injinan ban ruwa ya gayyace shi farauta can lardin Limpopo na ƙasarsu, toh ni kuma da yake na yi shekara biyu ina karatu a Pretoria har na taɓa bin wani ɗan ajinmu gonarsu sau biyu, shikenan na zama malamin bindiga na dangi.

Ina zama ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo min waya, hoton wata bindiga ce .458 Winchester Magnum, ya ce "ɗana, wagga nika so, in za a yi a yi da gaske." Na ce kawu Allah ya ƙara maka lafiya, wannan ai ta giwa ce, me aka ce za ku harba? Ya buɗo saƙon ya nuna min. Impala ce (wata irin barewa), da jakin dawa, da wani gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho da suke ce ma kudu (eh sunansa kenan, ba ruwansa da kudu da arewa), sai gadu. Na ce da farko dai a ce musu su cire gadu su musanya da wani abu, don alade ne na daji, kar ka biya kuɗi ka harbi abin da ba za ka ci ba.

Kawu jininsa ne ke motsawa, ban ga laifinsa ba. Kakanmu maharbi ne, wajen Ɗansadau ya yi zamaninsa lokacin da ake shiga dajin Kuyambana a kwana a fito da nama, da bindigar toka wadda sai ka ɗura albarushi ta baki ka danna da sanda, in ka harba sau ɗaya sai dai Allah ya kyauta. Yanzu wa ya isa ya doshi dajin, kowa ya san waɗanda ke ciki. Amma shi kawu tun yana yaro aka kawo shi kasuwa, awo da lissafi ya sani.

Abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi shi ne bindiga tana duka gaba tana duka baya. Ni na gani da idona, kai a jikina ma. Zuwana na farko gonar nan, kafin a shiga daji sai da aka kai mu wajen gwaji, an kafa takarda a mita 100, kowa sai ya harba maharbin da zai raka shi ya ga hannunsa. Suna ce masa PH, mutum ne mai lasisi, baƙo ba ya farauta sai da shi. Ni da rawar kai na ce a ba ni babbar bindiga .375, na manna ido jikin madubin hange sosai don in gani da kyau, na ja kunama. Wallahi ban san lokacin da bakin madubin ya sare ni a gira ba, sai jini na ji yana bin gefen hancina, kafaɗa kuwa kwana uku ina sallah da ƙyar nake ɗaga hannu. Mutumin bai ce komai ba, ya ba ni auduga, ya juya baya kamar yana sa harsashi ya sake miƙo min. Na saita, na ja, sai ƙas! ashe ba komai ciki, amma ni na riga na runtse ido na fizge bakin bindigar ƙasa kusan taki guda. Ya ce ka gani? tsoronta ya shige ka, da dabba ce da a ƙafa ko a ciki za ka same ta. Ya karɓe ya ba ni .308 wadda ba ta kai ta duka ba, da ita na samu impala washegari.

Kuma wannan ba maganar kunya kaɗai ba ce, maganar aljihu ce, nan ne kawu ya gyara zama. A can in ka harbi dabba aka ga ɗigon jini, ko an same ta ko ta ɓace cikin ƙaya, kuɗinta cif za ka biya. Ga alhakin dabbar da ka bari tana yawo da rauni.

Don irin namun da ke cikin takardarsa bindiga .30-06 ta isa har ta yi yawa. Tsohuwa ce, tun 1906 sojan Amurka suka fito da harsashin, kuma duk shagon kayan farauta a ƙasar za ka same shi. Harsashi mai nauyin giren 180, wajen giram 12 kenan, yana kayar da kudu da jakin dawa lafiya lau in ya shiga bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke. .308 Winchester ta 1952 ƙanwarta ce, dukanta ya ɗan fi sauƙi. Ko wacce a ciki, mai sakata wadda kake ja da hannu bayan kowane harbi, da madubi mara girma sosai, shikenan.

Ya ce toh in ɓauna fa? Na ce ɓauna wani karatu ne daban. Nan ne .375 H&H take shigowa, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, harsashinta giren 300, kuma ƙasashe irin Tanzaniya ba su yarda ka tunkari ɓauna ko giwa da abin da bai kai ta ba. Dukanta ya kusa ninka na .30-06 amma mutum zai iya sabawa in ya yi atisaye, shi ya sa ake cewa in bindiga ɗaya za ka riƙe a Afirka to ita ce. Akwai ta Jamus 9.3x62 da Otto Bock ya ƙera a 1905, ta fi ta laushi kaɗan, wasu ƙasashen sun yarda da ita wasu ba su yarda ba, sai an tambaya. Su .416 Rigby da .458 ɗin da ya nuna min kuwa, yawanci a hannun PH za ka gan su, shi ke tsaye bayanka saboda ranar da ɓauna mai rauni ta juyo.

Sai maganar saye, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Na ce kawu don girman Allah kar ka ma fara tambayar kowa inda ake sayar da irin wannan a Zamfara, a halin da muke ciki tambayar kaɗai ta isa ta ja maka kwana a hannun hukuma. Dokar makamai ta 1959 tana nan, ba lasisi ba bindiga. Ko da kana da ita ma sai ka cike fom ɗin 'yan sandan Afirka ta Kudu SAPS 520, ga takardun fita da ita daga nan, ga jirgi ba ya ɗaukar harsashi sama da kilo 5 kuma cikin akwati mai makulli. Duk wannan wahalar ta me? Masu gonakin suna da bindigogin haya, an riga an saita su, ka biya na kwanakin da ka yi da harsashin da ka harba.

Na ce abin da zai roƙa kawai a ba shi yini guda a wajen gwaji kafin a shiga daji, ya fara da ƙaramar .22 ya koyi jan kunama a hankali ba fizga ba, ya koyi ɗora bindiga kan sandunan nan uku da ake kafawa don a tsaye ake harbi, ya sa abin toshe kunne. Kuma ya yi bisimilla kafin ya harba, ya tafi da wuƙarsa mai kaifi a jakar da ake aunawa, in an iske dabbar da sauran rai ya yanka da kansa, ya gaya musu tun kafin ya taso don su sani.

Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce "to ita wagga talatin da shiddan, in an ɗauki hoto ana gane ƙarama ce?" Na ce kawu ba mai ganewa. Ya ce in rubuta masa sunan a takarda, na rubuta a bayan rasit, ya ninke ya sa cikin hula.