Darasin da na ɗauka daga Tabarez bayan an sallame ni

Oscar Tabarez, tsohon kocin tawagar ƙwallon ƙafa ta Uruguay, bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Ɗan baya ne, ya buga wa ƙananan ƙungiyoyi irin su Sud America da Fenix da Bella Vista a Uruguay, ya ɗan leƙa Puebla ta Meziko, ya rataye takalmi yana da shekara 32. Malamin firamare ne kuma, shi ya sa ake ce masa El Maestro. Tun da aka raba ni da aikin horar da 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙungiyarmu nake bin tarihinsa, don na gane inda aka cuce ni.

Shi ma ya sha kora. Wanda ya ci wa Penarol ta Uruguay kofin Libertadores na zakarun ƙungiyoyin Kudancin Amurka a 1987 ne AC Milan ta ɗauka a 1996, amma ko wata shida bai cika ba aka maido da Arrigo Sacchi kan kujerarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya karɓi tawagar ƙasarsa a 2006, bayan Ostireliya ta hana su zuwa gasar cin kofin duniya a bugun fenareti. Da tsari a rubuce ya zo: 'yan ƙasa da 15 da 17 da 20 duk su koma ƙarƙashin idonsa, salon wasa ɗaya, tarbiyya ɗaya. Hukumar ta amince, kuma ta jure. Peru ta zuba musu 3 da nema a wasansu na farko na Copa America a 2007. Da kyar suka kai gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu a 2010, sai da suka yi wasan cike gurbi da Kosta Rika. Amma Suarez da Cavani, waɗanda suka buga gasar 'yan ƙasa da 20 a 2007, su ne suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ta 2010 ('yan uwanmu na Zongo a Ghana ba su manta da yadda Suarez ya tare ƙwallon Ghana da hannu a bakin raga ba), suka kuma ɗaga Copa America a 2011.

Ni ban samu wannan haƙurin ba. Shugabanmu ya kira ni ofis gab da gasar jiha, ya tura mini fasfo na wasu samari, cikinsu har da mai sabon aski a haɓa. Ya ce, "Koci, sa waɗannan, kofi nake so bana." Na ce, "Ranka ya daɗe, yaranmu na gaskiya ne, a ba su lokaci." Ya yi shiru yana jan carbi. Muka shiga da yaranmu, aka fitar da mu tun a rukuni, takardar sallama ta iso ta hannun sakatare. Ko kira bai yi ba, kuma ragowar alawus ɗina na nan a wurinsa.

Don haka, 'yan uwana masu horar da yara, kafin ku karɓi usur ku sa mai ƙungiya ya rattaba hannu kan abin da yake so da wa'adin da ya ba ku. Alkawarin baki na attajiri iyakarsa ranar da aka ci ku. Ku riƙe takardun haihuwar yaranku da kanku. Kada ku ranta wa ƙungiya kuɗin mota.

Tabarez ma takarda ba ta tsare shi har abada ba. A Nuwamban 2021, bayan an doke su sau huɗu a jere, ciki har da 3 da nema a hannun Bolibiya a La Paz, aka sallame shi yana dogara sanda, bayan shekara 15. A 2023 'yan ƙasa da 20 na Uruguay suka ci kofin duniya, wani ne a kan benci. Nawa yaran kuwa, na ji sabon koci yana gaya wa mutane shi ya gano su.