Abin da na koya tun da aka ce kowa ya nemi maƙalarsa da kansa

Tunda dai na miƙa takardar ajiye aiki, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, waɗanda muka yi zaman laburaren likitanci tare sun san zancen.

Ni fa ban taɓa adawa da a bar likitoci su riƙa bincike da kansu ba. PubMed, rumbun neman maƙalolin likitanci a intanet, kyauta yake tun 1997, ba wanda zai hana mai bincike shiga, kuma likitan da ke neman maƙala biyu uku kafin ya shiga taron safe ba dalilin da zai sa ya cike fom ya zauna jirana. Abin da na ce wa Oga, shugaban laburarenmu, a mitin shi ne, ranka ya daɗe a sa na'urar a koya wa mutane, amma babban bincike irin wanda ake tattara duk abin da aka taɓa rubutawa a kan magani ɗaya, wannan kam a bari ya riƙa biyowa ta teburinmu. Ya yi dariya ya ce Malam kai dai tsoro kake kwamfuta ta ƙwace maka aiki. A gaban yaran da ni na koya musu aikin.

To aka rufe teburin bincike, aka manna akwatin bincike ɗaya a shafin laburare na intanet, aka yi bita ta rabin yini aka ɗau hoto, rahoton ƙarshen shekara ya fita da sunansa shi kaɗai.

Matsalar akwatin nan ita ce ba ya taɓa ce maka babu. Ko me ka rubuta sai ya kawo wani abu, kai kuma ka ɗauka ka gama. Wani dakta ya zo yana murna wai ya tace sakamakonsa ya dawo ɗan kaɗan, na leƙa allonsa sai na ga ya rubuta heart attack a cikin alamar zance. PubMed in ka bar masa kalma haka nan shi da kansa yake haɗa ta da kalmomin MeSH, wato tsararrun kalmomin da ake rarraba maƙalolin likitanci da su, ya jawo maka Myocardial Infarction, sunan likitanci na ciwon, amma da ka kulle ta da alamar zance ka kashe wannan aikin, kuma yawancin masu rubutun maƙalar zuciya da sunan likitancin suke kiran ciwon. Wata kuma tana so ta cire binciken ɓeraye sai ta sa NOT, wato umarnin cirewa, da Animals (dabbobi) na MeSH, ba ta san cewa a tsarin MeSH ɗan Adam ma a ƙarƙashin dabbobi yake ba, ta share marasa lafiyar da take nema da hannunta. Ba laifinsu ba ne wallahi, wa ya gaya musu?

Sai da wata tawaga ta tura babban aikinta mujalla aka dawo da shi sannan ido ya raina fata. Masu dubawa suka ce a kawo cikakken tsarin binciken kamar yadda PRISMA, ƙa'idar rubuta rahoton irin wannan babban bincike, ta tanada, wane rumbu aka duba, ran nawa ga wata, da waɗanne kalmomi. Babu ko ɗaya. Google Scholar suka yi ta dannawa, wanda ba ya nuna maka sama da sakamako 1,000, Embase kuwa, wani rumbun maƙalolin likitanci, ko buɗe shi ba su yi ba alhali a kan magani suke aiki kuma nan ne ƙarfinsa yake. Kun san wa aka ba takardar tuhuma? Ni. Wai horon da na bayar bai wadatar ba. Horon rabin yinin da shi ya yanke lokacinsa, ni kuwa na roƙi a ƙara ya ce ba kuɗi.

A amsata na tuna masa abin da ya faru a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2001, inda wata lafiyayyar matashiya da ta shiga gwajin asma ta rasu bayan ta shaƙi wani magani mai suna hexamethonium. An rubuta illar maganin ga huhu tun shekarun 1950, amma binciken da aka yi kafin gwajin bai kai can ba, don a lokacin PubMed daga tsakiyar shekarun 1960 ya faro. Oga ya ce ina tsorata mutane. Na sake yi wa tawagar binciken daga farko, aikin ya fita, a shafin godiya sunan laburare aka sa ba nawa ba, ba komai.

Sauran darussan gajeru ne. Duk shawarar da ka bayar a mitin ka bi ta da imel, baki ba ya zama shaida. Ka ajiye tarihin kowane bincike da kwanan watansa ko ba wanda ya tambaya. Kada ka raina likitan da bai san MeSH ba, kai ma ba ka iya karanta hoton ƙirji ba. Sabuwar maƙala ba lallai ne an riga an sa mata MeSH ba, don haka a haɗa da kalmomin take da na taƙaitawa.

Na ji an ce za a sake buɗe teburin da sabon suna, wai sashen tallafa wa masu bincike, kuma tunanin Oga ne. Wanda za a ɗora a kai, fayil ɗin tsare-tsaren binciken da na tara yana kwamfutar da ke kusa da firinta, ban goge komai ba.