Shekarar da na riƙe ƙararrawar makaranta

Ƙararrawar makarantarmu tsohon wilin babbar mota ne, an rataye shi da sarƙa a reshen darbejiya tsakanin ɗakin cin abinci da ofishin shugaban makaranta, sai guntun rodi da ake dukansa da shi. In aka buga da asuba har mutanen ƙauyen da ke bayan katanga suna ji. Shekara guda rodin nan yana hannuna, daga zango na uku na aji biyar a 2003 har muka shiga jarrabawar WAEC a 2004.

A makarantun kwana irin tamu, da zarar 'yan aji shida sun fara jarrabawar fita, WAEC a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya, sai a karɓi muƙamai daga hannunsu a damƙa wa 'yan aji biyar. Kowa idonsa na kan shugabancin ɗalibai, ko kula da abinci, ko kyaftin ɗin gida. Ba wanda ke neman ƙararrawa, domin mai ita shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya. Da aka kira sunana a asembili, malamin da ke kula da ɗakunan kwana ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, kana da agogo?" Na ce ina da shi, Malam. Wani baƙin Casio ne mai ɗan haske, Baba ya sayo mini a kasuwar Sabon Gari ta Kano ranar da na ci jarrabawar aji uku. Ya ce, "To daga yau agogon ba naka ba ne kai kaɗai."

Yininmu kaf a jikin ƙarfen nan yake rataye. Ƙarfe 5 bugun tashi, a yi alwala a tafi masallaci. Daga nan shara da wanka, kowane ɗalibi da gurbinsa na shara da aka yanka masa tun farkon zango. Koko, asembili, sai darussa, kowane minti 40, ni kuma sai na sulale daga aji na je na buga na dawo, sau da yawa na tarar malami ya goge abin da ban kwafa ba. Ƙarfe 2 a tashi, azahar, abincin rana, ɗan kishingiɗa. Bayan la'asar wata rana wasanni, wata rana leba, a fita da lauje da fartanya. Laraba ranar ƙungiyoyi ce: 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a masallaci, 'yan JETS, ƙungiyar kimiyya da ƙere-ƙere, suna haɗa fitila da batir a ɗakin gwaje-gwaje, manoma matasa a bayan kicin wajen kunyoyin gyaɗarsu, 'yan ƙungiyar Hausa suna gwajin wasan kwaikwayo, masu muhawara suna ta ɗaga murya da Turanci. Bayan isha karatun dare, ƙarfe 10 a kashe fitila. Asabar duba tsafta: gado a gyare, farce a yanke, fararen kaya a goge, makin kuma ya shiga lissafin gasar gidaje.

Abin da ban sani ba kafin na karɓa shi ne agogo ma yana bukatar mai gyara masa zama. Wani dattijo maigadi ne ya koya mini. Yana da 'yar rediyo da yake ratayawa a wuya, kullum da safe yana jiran BBC Hausa. Ya ce, "Ɗana, zo nan kafin ka tafi koko. In suka ce ƙarfe shida da rabi agogon Najeriya da Nijar, ka dubi naka." Haka na riƙa yi, na tsuguna gefen wutar da yake jin ɗumi, na saita agogo, na gaishe shi na wuce. Azumin 2003 ya kama a ƙarshen Oktoba, sanyi ya fara shigowa. Maigadin ne kan zo ya ƙwanƙwasa tagar da ke saitin gadona da sanda don na tashi na buga ta sahur. Ba aikinsa ba ne, kuma bai taɓa fashi ba har aka ga watan Sallah.

Roƙo kuwa na sha shi. Darasin lissafi mai ninki biyu, sai ka ji ana zungurinka ta baya, "Ka rage mana minti biyar mana." Ranar leba a ce ka yi sauri, ranar wasa a ce ka yi jinkiri. Na yi watanni ina cewa a'a, har wasu abokaina suka fara ja da baya da ni.

Sau ɗaya na yarda. Lahadi ce, 8 ga Fabrairu 2004, Najeriya za ta kara da Kamaru a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da aka yi a Tunisiya. An ce za a fito da talabijin a tayar da janareto a babban zaure, amma sai an gama abincin rana. 'Yan ajinmu suka taru a kaina, cikinsu har da masu muƙami, suka ce na buga ta abinci da wuri, minti goma sha biyar kacal, ai tuwon ya sauka tun ɗazu. Ni ma ina son kallon. Na ɗauki rodi na buga.

Na manta cewa Lahadi ranar wanki ce. Yaran aji ɗaya da na aji biyu suna can bakin tuƙa-tuƙa a ƙarshen filin ƙwallo, cikin layin bokitai, yawancinsu ma ruwan manya suke ɗiba. Sun san lokacin abinci, sun auna tafiyarsu da shi. Dokar ɗakin cin abinci kuwa ita ce in an shiga aka yi addu'a sai a rufe ƙofa, rabon wanda bai zo ba ya koma hannun 'yan teburinsa. Kafin su ajiye bokitai su rugo, an rufe.

Mun kalli wasa. Eto'o ya fara ci, Okocha ya rama da bugun tazara kafin hutun rabin lokaci, Utaka ya ƙara ta biyu, zaure ya kaure da ihu. Da na fito, sai ga wani ɗan aji ɗaya tsaye gindin darbejiyar, kwanon silba a hannunsa, ƙafafunsa duk sun yi fururu da hunturu. Ya ce, "Siniya, agogonka ne ya yi gaba? Na duba na masallaci kafin na tafi ɗiban ruwa." Ba ƙorafi yake yi ba. Shi a zatonsa agogon ne ya lalace, yana so na sani don kada gobe a sake. Na kasa ce masa komai. Na tafi da shi ɗaki na buɗe akwatina, na ba shi garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, amma ba shi kaɗai ya rasa abinci ba, kuma garin da ke akwatina bai isa ya ciyar da su duka ba.

Ba wanda ya hukunta ni. Malamai ba su lura ba, manyan ɗalibai kuwa godiya suka yi mini. Wannan ya fi damuna, domin da bulala aka yi mini da na ce an biya. Tun ina aji ɗaya nake jin haushin yadda manya ke aiken ƙanana suna cinye musu rabo, na kuma sha alwashin ba zan yi ba in na girma. Ban taɓa aiken yaro ɗiban ruwa ba, ban taɓa sa wani tsallen kwaɗo ba, ina ganin hannuna a wanke yake. Ashe da minti goma sha biyar ma ana iya hana yaro abinci. Babban ɗalibi in an sauya lokaci yana da abokin da zai ajiye masa kwano, yana da kuɗin sayen ƙosai a bakin ƙofa. Ƙaramin ba shi da kowa sai jadawalin da aka liƙa a allo.

Washegari na je wurin malamin ɗakunan kwana na faɗa masa abin da na yi. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni me nake ganin za a yi. Na ce a yarda na riƙa yin bugu biyu ranar Lahadi, na farko na gargaɗi minti goma kafin abinci, don na bakin ruwa su taho. Ya ce na gwada. Masu kula da abinci suka ɗan yi gunaguni, daga baya suka saba.

Da Mayu ta zo aka naɗa wanda zai gaje ni, wani siririn yaro ɗan aji biyar, shi ma bai nema ba. Na miƙa masa rodi da takardar jadawali, na nuna masa inda na rubuta bugun gargaɗi na Lahadi da jan biro, na ba shi labarin ranar wasan Kamaru tun daga farko har ƙarshe. Da safe kafin koko na kama hannunsa muka nufi bakin ƙofa. Baba maigadi na zaune da rediyonsa a wuya, ya dube mu ya ce, "Sabon ne wannan? Ku tsuguna, sun kusa farawa."